Canza bel ɗin taimin a gida: makin ne komai

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya canza bel ɗin taimin (bel mai haƙora da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi a injin mota) da kanka ba tare da saitin injin ya goce ba. Za ka iya, amma sai da natsuwa.

Cire kan batir tukuna, ka kwance fulogogi don injin ya juya da sauƙi. Kafin ka taɓa tsohon bel, juya kiranshaf (sandar ƙasa da fistin ke juyawa) da sifana har makinsa, wato alamar da ke jikinsa, da na kamshaf (sandar sama mai buɗe bawul) su hau kan alamominsu na jikin injin. Kiranshaf na zagaye 2 kafin kamshaf ya yi 1, don haka idan makin ƙasa ya zauna na sama bai zauna ba, ƙara zagaye guda. Ni nakan ɗiga farin fenti a bel da fuli (faifan da bel ke hawa), in ƙirga haƙora, in mayar da alamar kan sabon bel. Haƙori ɗaya ya goce, mota ta rasa ƙarfi. A injina da yawa kuwa, idan gociyar ta yi yawa fistin zai bugi bawul ya lanƙwasa shi.

Da ka cire bel, kada ka juya komai. Sa sabon ta ɓangaren da ba tenshona (abin da ke danne bel ya yi tauri), ya miƙe sosai, sannan ka saki tenshona. Ka canza tenshonar ma, da famfon ruwa idan bel ɗin ne ke jansa.

Don Allah kada ka tayar da makulli tukuna. Juya injin da hannu zagaye 2, ka sake duba makin. Ka ji ya cije, tsaya nan, kada ka tilasta.