Garin Banaue da shinkafar da ake nomawa a jikin dutse

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne daga yankin Madagali a jihar Adamawa. Wani ƙanena da ya yi aiki a Saudiyya tare da 'yan ƙasar Filifin ya kawo mini takardar kuɗinsu ta peso 20. A bayanta akwai hoton gonaki hawa-hawa a jikin dutse, an rubuta Banaue. Mu ma muna da irin wannan gini a duwatsun Sukur, sai dai dawa da gero ake shukawa. Ina ne wannan gari, su wa suka gina gonakin? Na ji an ce sun shekara 2,000, haka ne? Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ruwan shinkafa yake kwanciya a kan tsauni ba ya gangarewa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Banaue ƙaramin gari ne a lardin Ifugao, cikin jerin duwatsun Kodilera da ke arewacin Luzon, tsibiri mafi girma a Filifin. Tsakaninsa da Manila, babban birnin ƙasar, kimanin kilomita 350 ne, amma motar dare takan yi awa 9 zuwa 10 saboda kwane-kwanen hanya. Ƙidayar 2020 ta sami mutum dubu 20 da 'yan ɗaruruwa a gundumominsa 18, waɗanda suke kira barangay. Garin kansa yana sama da mita 1,000 daga tsayin teku, gonaki mafi nisa kuwa suna kaiwa wajen mita 1,500. Akwai sanyi da hazo, kuma ruwan saman shekara yakan kai milimita 3,000, wato wajen ninki uku na abin da kuke samu a Madagali. Mutanen wurin Ifugao ake ce musu, harsunansu Tuwali da Ayangan, a kasuwa kuma ana jin Ilokano.

Batun shekara 2,000 ya samo asali ne daga wasu Amurkawa biyu da suka zauna a yankin a farkon ƙarni na 20, Roy Barton da Henry Otley Beyer. Beyer ya auri 'yar Ifugao, da ya mutu a 1966 a Banaue aka binne shi. Lissafinsu na ƙiyasi ne: sun dubi girman aikin, suka ce ba ya yiwuwa a ƙasa da shekaru dubbai. Littattafan makaranta da masu tallar yawon buɗe ido suka ɗauki maganar suka yi ta yaɗawa. Daga baya wani masanin tona kayan tarihi ɗan Filifin, Stephen Acabado, ya yi gwajin kabon, wato awon da ake gane shekarun abu da shi, a kan gawayi da burbushin tsirrai da ya tono a ƙarƙashin katangun gonakin Bocos a Banaue da kuma kufan tsohon garin Kiyyangan. Sakamakon ya nuna noman shinkafar ruwa ya bunƙasa ne kimanin shekara 400 da suka wuce, bayan zuwan Sifaniyawa, waɗanda suka kafa mulkinsu a Manila a 1571. Kafin nan gwaza ake shukawa a ƙananan gonakin ruwa. Fassarar da ta fi ƙarfi ita ce mutanen kwarin kogin Magat sun gudu sama don tsere wa haraji da aikin tilas, jama'a ta yi yawa a kan dutse, sai aka faɗaɗa gonakin. A ganinmu wannan bai rage musu daraja ba, don kuwa mutanen da suka sassaƙe tsaunuka haka cikin 'yan ƙarnoni, da itace da dutse da ruwa, sun nuna tsari da haɗin kai da ya wuce na labarin farko. Sifaniya ba ta taɓa mallake su sosai ba har ta miƙa ƙasar ga Amurka a 1898. 

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ƙashin bayan komai. Wanda ya kalli hoton kuɗin zai ga matakala kawai, alhali aikin daga ƙololuwar dutse yake farawa. A can sama akwai kurmin da kowane dangi yake mallaka yake kuma kula da shi, sunansa muyong. Ba a sare bishiya a ciki sai da dalili, wanda ya sara kuma zai dasa wata. Ganyen da ya ruɓe a ƙasa yana shanye ruwan sama kamar soso, ya riƙa sakinsa a hankali ta idanun ruwa har a watannin da ruwa ya ɗauke. Daga nan ake jan ruwan ta ƙananan magudanu da aka haƙa a gefen dutse, inda aka tarar da rami ko kwazazzabo sai a ƙetarar da shi ta cikin gora ko kututturen da aka fafe. Ruwan ya shiga fangali na sama, ya cika shi, ya tsiyaya ta wata 'yar kafa da aka bari a bakin kunya zuwa na ƙasa, haka har gindin kwari. Kowane fangali, wanda suke kira payo, a daidaice yake kamar faranti. In gefe ɗaya ya fi tudu ko da ɗan yatsa biyu ne, shinkafar can za ta sha ƙishi, ta ɗaya gefen ta nutse.

Ga yadda ake gina shi. Ana fara yanka gindi a jikin gangaren, a jera manyan duwatsu a ƙasa, ƙanana a sama, ba siminti, kowane dutse a zaunar da shi a cusa tsakuwa da laka a bayansa. Katangar ba ta miƙewa sak, tana ɗan jingina ga dutsen, don nauyin ƙasa ya danne ta maimakon ya ture ta. Wasu katangun a ƙauyen Batad sun fi tsayin mutum biyu, kuma ana barin wasu duwatsu su fito waje su zama matakin hawa. A kewayen garin Banaue kansa yawancin katangun na yumɓu ne da aka daddaɓe. Cikon bayan katanga ba a kai ake ɗauko shi duka ba: sukan karkato ruwa mai ƙarfi ya kwaso tsakuwa da ƙasa daga sama ya zube su inda ake so. Tsakuwa a ƙasa don ruwan da ya sulala ya sami mafita, sai ƙasa mai tauri, sai shimfiɗar yumɓu da aka tattake har ta toshe, sannan baƙar ƙasa mai taki kamar taƙi ɗaya. Wannan yumɓun ne amsar tambayarka. Shi yake riƙe ruwa, kuma sharaɗinsa kada ya bushe. Shi ya sa ko bayan girbi ake barin gonar cike da ruwa. In ta bushe yumɓun zai tsattsage, ruwan farko da ya zo ya bi tsagar ya jiƙe cikon, katanga ta kumbura ta faɗi, ta kuma tafi da ta maƙwabcin da ke ƙasa. Nan ne bambancin da Sukur yake. Ginin ku yana rage gudun ruwan damina ne ya hana zaizaya, ƙasa ta sha ta wuce. Na Banaue tafki ne da aka rataye a jikin tsauni, kuma ba ya rayuwa sai da ruwa mai gudana wata 12.

Shinkafar gargajiyar wurin sunanta tinawon, ma'anarsa sau ɗaya a shekara. Doguwa ce, mai ƙamshi, mai jure sanyi, tana ɗaukar wata 6 zuwa 7. Lokuta suna ɗan bambanta daga ƙauye zuwa ƙauye, amma galibi daga Oktoba zuwa Disamba ake gyara. Maza su ɗora katangun da suka zube, su yashe magudanu, su daidaita laka da wani dogon cebur na itace mai kama da filafilin kwalekwale. Mata su cire ciyawar jikin katanga, su tattake karan shinkafar bara cikin taɓo ya ruɓe. A yawancin gonakin ba ɓaunar noma ba injin huɗa, don babu hanyar da za su hau. Wajen Disamba ake renon iri, kuma ba yafa tsaba suke yi ba, zangarniya guda ake kwantarwa a kan laka. Bayan wata ɗaya da rabi zuwa biyu, irin ya yi tsawo ya yi ƙwari, sai mata su yi dashe daga Janairu zuwa Maris. Girbi a Yuni da Yuli, kafin mahaukaciyar guguwar teku ta yi tsanani. Da 'yar wuƙa da ake riƙewa tsakanin yatsu ake yanke zangarniya ɗaya-ɗaya, a ɗaure dami-dami, a shanya, a adana ba tare da sussuka ba. Tsofaffin mata masu ido su ne suke fara shiga su zaɓi irin baɗi. Rumbun, da ma ɗakin kwana na gargajiya, a kan ginshiƙai 4 yake tsaye, kowane ginshiƙi an sa masa faifan katako a wuya, ɓera ya hau ya iske rufi a kansa ya dawo. Kullum sai a ciro damin da za a ci a surfa a turmi.

Gonar ba shinkafa kaɗai take bayarwa ba. Akwai ƙananan kifaye da dodon koɗi na gida da ake ci, gwaza a gefen kunya, bayan girbi kuma ana tara ruɓaɓɓen kara da ciyawar ruwa a yi tsibi-tsibi a tsakiyar fangali, a rufe da laka, a shuka kabeji da wake da albasa a kai. A gangaren da ruwa ba ya kaiwa ana noman dankali, wanda a da shi ne abincin talaka na yau da kullum. Shinkafa ta masu hali ce, da yawan gonarta ake auna arzikin mutum.

Akwai al'adu biyu da za ka gane da sauri. Ta farko aikin gayya, wanda suke kira ubbu: yau a gonarka, gobe a tawa. Ta biyu wani matsayi mai kama da na Sarkin Noma, tumona, gidan da yake fara renon iri, ya fara dashe, ya fara girbi, sauran su bi cikin 'yan kwanaki. Ana haɗa wannan da yanka kaji da aladu da bokayensu, mumbaki, suke yi, da gumakan katako na tsaron rumbu da ake kira bulul. Ko an ajiye tsafin gefe, dabarar noma tana nan: idan duk kwarin ya nuna lokaci guda, ɓarnar tsuntsu da ɓera takan rabu a kan kowa, bayan girbi kuma ƙwari su rasa abinci su ragu. Wanda ya yi gaba ko ya makara, gonarsa ce kaɗai teburin cin su. Gado ma an tsara shi don ruwa: ɗan fari, mace ko namiji, shi yake ɗaukar mafi yawan gonar, yawanci lokacin aurensa, da sharaɗin ya tallafi ƙannensa. Gonar da faɗinta bai wuce taku uku ba, in aka yi ta yankawa, rigimar ruwa ce za ta biyo baya.

Abubuwan da suke lalata tsarin yau sun fi na da yawa. Babba shi ne rashin hannu. Amfanin shekara a gidaje da yawa ba ya kai su rabin shekara, sai an sayo shinkafar kwari, don haka matasa sun gwammace karatu, ko aiki a biranen Baguio da Manila da ƙasashen waje, ko jagorancin baƙi. Gona ɗaya da aka bari ta bushe a tsakiya tana jefa duk na ƙasa da ita cikin haɗari. Sana'ar sassaƙa don 'yan yawon buɗe ido ta ci manyan bishiyoyin muyong, idanun ruwa suka ragu. Wasu manyan tanu da wani kifi mai kama da maciji suna huda kunya da katanga, ruwa ya riƙa yoyo ta inda ba a gani. Akwai kuma dodon koɗin Kudancin Amurka da aka shigo da shi ƙasar a farkon shekarun 1980 don ci, ya tsere ya shiga gonaki. Yana cinye sabon dashe, ana gane shi da ƙwansa mai ruwan hoda da yake mannawa a jikin kara sama da ruwa. Maganinsa a hannu yake: a tsince shi, a murƙushe ƙwan, a rage zurfin ruwa a makonnin farko, a dasa irin da ya yi ƙwari. Sabbin irin shinkafa masu saurin nuna, inda aka karɓe su, sun wargaza shuka lokaci guda, sun kuma jawo takin zamani da maganin ƙwari da ke kashe kifin gona. Girgizar ƙasar Yulin 1990 ta karya magudanu, a Yulin 2022 kuma ambaliyar laka ta ratsa tsakiyar garin.

Hukumar UNESCO ta sa gonakin cikin kayan tarihin duniya a 1995, shekara 4 kafin Sukur ta shiga a 1999. Rukuni 5 aka zaɓa: Batad da Bangaan a Banaue, sai Nagacadan a Kiangan, da Hungduan, da Mayoyao. Abin mamaki, gonakin da suke kewaye da tsakiyar garin Banaue, waɗanda aka fi ɗauka a hoto, ba sa ciki, saboda gine-ginen siminti da kwano sun cakuɗe da su. A 2001 aka mayar da wurin jerin masu fuskantar haɗari, aka cire shi a 2012 bayan gyaran katangu da magudanu. Ana ƙoƙarin sayar da tinawon da tsada a birane da ƙetare don noman ya biya wahalarsa, amma manomin Batad har yanzu a kafaɗa yake hawa da buhunsa zuwa inda mota take tsayawa.

In kana tunanin gwada shinkafa a ginin dutsenku, fara duba ko akwai idon ruwan da ba ya ƙafewa da rani a saman gonar, da yumɓun da za a daɓe ƙasan fangalin. In babu ɗaya daga cikin biyun, katangar da ta shekara aru-aru tana riƙe da dawa za ta iya zubewa a damina guda idan aka tare ruwa a bayanta.