Kauɗar Da Ta Yi Fumfuna A Hannun Wani

Ka tambaye ni yadda za ka gane kauɗar tumatir ta bushe har ta isa a zuba ta a buhu, domin kana son ka shanya wa mahaifiyarka na miyar damina tun yanzu da kaya ke araha. Niyyar ta yi kyau, ko da yake na lura yaran yanzu kuna son a ba ku amsa a tsaye, kuna danna waya. Ba zan tsaya koya maka yanka tumatir biyu da juya cikinsa sama ba, wanda bai san wannan ba bai kamata ya riƙe wuƙa ba.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne tumatir kusan duk ruwa ne, wajen kashi 94 cikin 100, shi ya sa kwando cike yake komawa ɗan abin da ba ya cika ido. Ka sayi mai tauri irin UTC tsakanin Janairu da Maris, lokacin da kayan rani na Kadawa da Kura suke cika kasuwar Kwanar Gafan, kuma iskar hunturu ba ta gama janyewa ba. Kada ka shanya a gefen kwalta kamar yadda ragwaye suke yi, domin yashin da ya manne wa ɗanyen tumatir ba ya fita ko an wanke. Gwajin kuwa, ka damƙi cikin hannu ka matse ka saki. Idan ya watse ya bushe, idan ya dunƙule da saura. Wanda ya fi wannan tabbas, ka zuba kaɗan a kwalba ka rufe ka ajiye a rana. Muddin kwalbar ta yi gumi daga ciki, to a mayar da kayan shanya.

Sai dai bushewa rabin aikin ne, kuma tambayarka ta tuna mini da abin da har yau yake ci mini rai. A 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, Allah ya sa na riga na shanya kaya masu yawa kafin ɓarnar ta yi tsanani. Kauɗa ce ja wur, kowace ƙwaya ta bi ta hannuna. Wani ɗan kasuwa da muka daɗe muna hulɗa ya zo da zaƙin baki, yana ta Maigida kaza Maigida kaza, ya kwashi mafi yawan buhunan bashi a kan farashin ranar, da alkawarin biya bayan Sallah. Na ba shi saboda sanayya, ban nemi shaida ba.

Da ɗanyen tumatir ya gagari talaka, kauɗa ta yi tashin da ban taɓa gani ba, ya sayar da rabi ya ci riba mai kauri. Sauran kuma ya riƙe yana jiran farashi ya ƙara hawa. Ya juye su daga buhun algarara zuwa manyan ledoji, ya jibge su a kan daɓen siminti, jingine da bangon da yake tsatsafar ruwa, har damina ta yi nisa. A watan Agusta sai ga shi da buhu a kan babur, ya kwance a gaban jama'a: kauɗar ta yi baƙi, fumfuna fari-fari ya lulluɓe ta, wari yana tashi. Ya rantse cewa ɗanyen kaya na sayar masa. Muka je gaban shugabannin kasuwa, na ce a je a dubi inda ya ajiye, aka ce a yi haƙuri a raba asara. Wace asara? Ya ci ribar rabin, ya hana ni kuɗin rabin, kuma ya bar mutane suna cewa kayana ba sa bushewa, wanda ya fi kuɗin yi mini zafi. Har yau idan muka haɗu a masallaci shi yake fara miƙo hannu.

Saboda haka, idan ka kwashe shanya da yamma ka bar ta ta huce a inuwa kafin ka ɗure, domin mai ɗumi tana yin gumi a cikin buhu. Ka ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, kuma duk ranar da rana ta buɗe a cikin damina ka fito da shi ya sha iska. Wanda ya yi fumfuna a zubar, kada a wanke a dafa. Zogale da kuka a inuwa ake shanya su, rana tana kashe musu launi. Tattasai da attaruhu kuwa ka jira sai ka ji 'ya'yan suna kaɗawa a ciki idan ka girgiza.