Hutun Haihuwa da na Jinya: Wa Zai Biya Albashin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani, kuma ina da juna biyu na wata bakwai. Mai kamfanin ya ce zai ba ni hutu idan na haihu, amma ba zai biya ni ba, domin a cewarsa albashi ladan aiki ne. Haka ya yi wa wani abokin aikinmu da ya shafe wata guda yana jinyar mahaifinsa a asibiti. Shin neman albashi a lokacin hutu son banza ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Abin da kike nema ba son banza ba ne. Hutun da babu albashi a cikinsa masu hali kaɗai yake amfana, domin matar da gidanta ke jiran ƙarshen wata dole ta koma aiki tun jikinta bai warware ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6. A Amurka, dokar shekarar 1993 ta ba ma'aikaci mako 12 na haihuwa ko jinya ba tare da biya ba, kuma ba ta hau kan kamfanin da ma'aikatansa ba su kai 50 ba, shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi da yawa ba sa cin moriyarta.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fara tsara wannan haƙƙi tun 1919. Yarjejeniyarta mai lamba 183 ta shekarar 2000 ta tanadi aƙalla mako 14, da kuɗin da bai gaza kashi biyu cikin uku na albashi ba, ta kuma haramta korar mace saboda ciki ko haihuwa.

Sai dai mai kamfaninku yana da tasa gaskiyar, kuma a ganina nan ne ainihin matsalar take. Idan aka ɗora nauyin biyan a wuyansa shi kaɗai, gobe zai guji ɗaukar mata aiki. Saboda haka yarjejeniyar ta ce kuɗin ya fito daga asusun inshorar ma'aikata ko baitulmalin gwamnati, yadda kowa zai zuba kaɗan, wanda lalura ta same shi ya ɗiba. Da irin wannan asusu ƙasar Suwidin take ba iyaye hutun kwana 480 su raba tsakaninsu, kuma tun 1974 ta shigar da uba ciki. Abokin aikinku mai jinyar mahaifi shi ma irin wannan tsari ne ya kamata ya rufa masa asiri.

Kafin ki haihu, ki karanta takardar ɗaukar ki aiki da dokar ƙwadagon ƙasarku, ki nemi hutun a rubuce, ki ajiye kwafi, sannan ki sanar da ƙungiyar ma'aikatanku idan kuna da ita.