Tambayoyinku Kan Fasaha: Fayil ɗin Bincike Ya Ƙi Buɗewa Bayan An Ɗauke Wuta

Tambaya: Malam, na sauke bayanan ruwan sama na CHIRPS don aikin digirina na biyu, sunan fayil ɗin ya ƙare da .nc, Excel kuma ya ƙi buɗe shi. Yaya zan yi? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Malama, gata Excel ya yi miki da ya ƙi. Wannan NetCDF ne, wani tsarin fayil na ajiye manyan bayanan kimiyya. Bayanan CHIRPS sun faro daga 1981, an yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kusan kilomita biyar, shi kuwa Excel layi 1,048,576 ne iyakarsa. Ki sauke Panoply na hukumar NASA, manhajar duba irin wannan fayil, kyauta ce, amma sai kin sa manhajar Java a kwamfutarki. Idan lambobin gari ɗaya kike so, ki ciro su da xarray, wani kayan aiki na harshen kwamfuta Python, ki mai da su CSV, tsarin da Excel ke iya buɗewa, sannan ki koma wa masoyinki Excel.

Tambaya: Ina tara sakamakon gwaji na wata huɗu a fayil ɗaya na HDF5 (tsarin fayil na tara manyan bayanai). Ana cikin rubutu aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuma ya daɗe da mutuwa. Yanzu fayil ɗin ya ƙi buɗewa, ba ni da wani kwafi. (Wani mai bincike daga Kano)

Amsa: Wata huɗu, fayil ɗaya, kwafi babu, batiri matacce! Malam, da hannunka ka haƙa ramin nan. Kafin komai, ka kwafi fayil ɗin zuwa wani faifai, duk gwajin da za ka yi ka yi shi a kan kwafin. Sai ka duba saƙon da yake ba ka. Idan cewa yake fayil ɗin a buɗe yake ana rubutu, ka taki sa'a. Tun fitowar HDF5 1.10 a 2016 manhajar na iya sa wata alama a kan fayil yayin rubutu, ta cire idan an rufe lafiya. Naka ba a rufe ba, alamar ta maƙale. Ka buga umarnin h5clear -s da sunan fayil ɗin don ya cire alamar, ka sake gwadawa.

Idan kuwa yana ƙorafin fayil ya gutsire, ko kan wani sashe ya lalace, to magana ta girma. HDF5 tamkar rumbu ne mai ɗakuna da yawa, da littafin da ke nuna inda aka ajiye kowane buhu. Manhajar tana riƙe wani ɓangare na littafin nan a ƙwaƙwalwar kwamfuta don sauri, ba ta zuba shi a faifai nan take. Wuta ta tafi a tsakani, buhuna suna nan, littafi ya yage. Kuma tsarin ba ya ajiye tarihin rubutun da za a bi a koma baya, irin wanda manhajar ajiye bayanai ta SQLite ke yi. Ka gwada h5ls -r ka ga ɗakunan da suka rage, duk wanda ya buɗu ka fitar da shi da h5copy ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙi, sai haƙuri.

Yanzu ga abin da nake ta nanatawa kamar karatun allo. Kowane gwaji, ko kowace rana, a ba shi fayil ɗinsa, a rufe, a buɗe sabo. In wuta ta yi halinta, aikin yini ɗaya ne ya tafi. Masu h5py, wato masu aiki da HDF5 ta Python, su riƙa buɗe fayil da with domin ya rufe kansa, su kira flush bayan kowane rubutu mai muhimmanci domin a zuba shi a faifai nan take. In dubawa kawai za ka yi, ka buɗe da "r" (karatu kawai), me ya kai ka "a" (karatu da rubutu)? Kwafi kuma uku: biyu a na'urori daban-daban, ɗaya a wajen ginin da kake aiki. Filashin da ke rataye da makullin babur ba ya cikin lissafi. Bayan kowane kwafi a gwada sha256sum a ɓangarorin biyu don a tabbatar kwafin ya yi daidai da na asali, masu Windows su yi amfani da certutil -hashfile.

Na san wani zai ce a koma Zarr, wani tsarin ajiye bayanai na daban, tunda Zarr-Python 3 ya fito a Janairun 2025. Gaskiya yana rage wannan haɗarin, domin kowane yanki na bayanai fayil ne mai zaman kansa, lalacewar ɗaya ba ta cinye sauran. Sai dai ka gwada kwafar ƙananan fayiloli dubu ɗari zuwa filashi, za ka yi sallar Azahar da La'asar bai gama ba. Ka sayi batiri tukuna.

Tambaya: Na goge rabin bayanan da ke cikin fayil ɗina na HDF5, amma girmansa bai ragu ba. (Wani ma'aikacin ɗakin gwaji daga Maraɗi)

Amsa: Haka yake, gurbin na nan ba kowa ciki. Ka buga h5repack tsoho.h5 sabo.h5, zai kwashe abin da ya rage zuwa sabon fayil ba tare da gurbin ba. In ka ƙara -f GZIP=4 zai matse shi ma. Kada ka goge tsohon sai ka buɗe sabon ka gani da idonka.

Tambaya: Filashina mai gigabait 32 ne, ba komai a ciki, amma ya ƙi karɓar fayil mai gigabait 6. Na jabu aka sayar min? (Wani ɗalibi daga Kumasi)

Amsa: Ƙyale mai shago ya sha iska. Tsarin ajiya na FAT32 ne a kan filashin, ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4. Ka yi masa fomat zuwa exFAT.