Yadda na hana yarana birkita min saitin kwamfuta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, tambayarki kan yadda za ki ɓoye Settings da Control Panel saboda yara, wallahi nima na sha wannan wahalar. Akwai ranar da na buɗe laftof na tarar allon ya kifa ƙasa a sama, kibod ya koma wani yare, kowa na tambaya sai ya ce ba shi ba ne.

Gaskiya ɓoyewar ba ita ce ta farko ba. In dai da akawun ɗinki na Administrator, wato mai cikakken iko a kwamfutar, suke shiga to kin kulle ƙofa ne kin bar makulli a jiki. Ki shiga Settings, Accounts, Other users ki buɗe musu nasu ki bar shi a Standard, wato mai taƙaitaccen iko, naki kuma ki sa fasuwod, kuma don Allah kar ki riƙa danna shi suna tsaye a kanki, nawa babban da ido kawai ya haddace. Da wannan kaɗai yawancin manhajoji ba za su saku ko su gogu ba sai an sa fasuwod ɗinki, agogo ma ba za su iya canzawa ba.

Amma za su iya taɓa allo da kibod, nan ne ɓoyewar ta shigo. In Windows ɗinki samfurin Pro ce akwai gpedit.msc, wato wurin sa wa kwamfuta dokoki, cikin User Configuration, Administrative Templates, Control Panel, ki kunna "Prohibit access to Control Panel and PC settings". Sai dai ga kuskuren da na tafka, na kunna shi kai tsaye ashe har ni ya kulle, na danna Settings shiru, sai da na koma na kashe. Daidai shi ne ki danna Windows da R ki rubuta mmc, a tagar da za ta buɗe ki ƙara Group Policy Object Editor, wajen Browse ki shiga Users ki zaɓi Non-Administrators, sannan ki kunna wancan "Prohibit access" ɗin a nan, yaran kawai zai kama.

In samfurin Home ce babu gpedit sam, sai rajistiri, wato ma'ajiyar saitunan Windows. Ki mai da akawun ɗin yaron Administrator na ɗan lokaci, ki shiga da shi ki buɗe regedit, manhajar gyara rajistirin, ki je HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Policies\Explorer, in babu Explorer ɗin ki ƙirƙira, ki yi sabon DWORD sunansa NoControlPanel ki ba shi 1. Ki fita ki mai da shi Standard, kar ki manta wannan fa, ni na taɓa mantawa har kwana biyu yaro yana oga a kwamfutata. Kafin ki taɓa komai a rajistiri ki fara yin Export ki ajiye.