Amsa: Yaya yinin farautar ɓauna yake tafiya?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda yini guda yake a farautar ɓauna irin ta Tanzaniya ko Zimbabwe. Yawancinsa tafiyar ƙasa ce, harbin bai wuce ƙiftawar ido ba.

Tun da asuba ake fita, a zaga mashaya ana duban sawu. Masu bin sawu kan taɓa kashin dabbar: in da ɗumi, garken bai yi nisa ba. Daga nan sai a bar mota. Ana riƙe ƙullin toka ana kaɗawa don a ga inda iska ta nufa, domin ɓauna da ta shaƙi warin mutum ta tafi ke nan. Da rana ta take iska kan riƙa juyawa, shi ya sa ake hutawa sai la'asar.

Bindiga kada ta gaza .375, wato kaurin harsashinta a ma'aunin inci. A matso kamar mita 50, a ɗora bindigar kan sandunan tokare ta, wajen saiti a bi layin ƙafar ɓaunar ta gaba zuwa kashi ɗaya cikin uku na jiki daga ƙasa. Nan zuciya da huhu suke.

In ta gudu da rauni, kada ka yi gaggawa. A jira kamar minti 30, don takan laɓe cikin duhuwa ta jira mai binta, kuma ƙwararren mafaraucin da ke maka jagora ne zai shige gaba.