Ga mai jinyar miji da ke jin addu'arta ba ta karɓuwa

'Yar'uwa, kin ce wata shida maigidanki yana kwance a Tahoua, kina azumi da addu'a amma sauƙi bai samu ba, har kina zaton Ubangiji ya juya miki baya. Ki duba 2 Korintiyawa 12, inda Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar jikinsa, aka ba shi alherin jurewa. Da mahaifiyata ta yi jinya, Zabura 13 nake karantawa da asuba kafin in hura wuta. Kada ki daina ba shi magani don wani ya kira hakan ƙarancin bangaskiya. Ki kai shi asibitin Galmi a ƙara duba shi, ki kuma sanar da fasto da zumuntar mata su riƙa karɓarki zaman jinya.